Ƙanƙarar Cikin Ƙasa da Jujjuyawar Zamanu: Bayani Zuwa ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan ɗan littafi domin Hakimai da Dagatai da malaman ofisoshinsu, musamman na Ketare da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Talakawa su kan tambayi shugabanninsu ko me ya sa damina ta ke sāɓawa, rijiyoyi su ke ƙara zurfi, kwazazzabai su ke cin gonaki. Kafin shugaba ya ba da amsa mai gamsarwa, ya kamata ya san yadda ƙasar nan ta kasance a zamanun da su ka shuɗe. Ɗaya daga cikin shaidun da masana su ke dogara a kansu wajen sanin haka shi ne ƙanƙarar da ke binne cikin ƙasa a kan dogayen duwatsu na ƙasashen zafi.

Mene ne daskararriyar ƙasa?

Ƙanƙarar da mu ka sani ita ce wadda ta kan zubo tare da hadarin farkon damina, ta ɓarke ganyen shuka, sa'an nan ta narke kafin a ƙare tsince ta. Amma akwai wurare a duniya inda ƙasa kanta ta ke daskarewa, da yumɓu da tsakuwa da ruwan da ke tsakaninsu, su zama abu guda mai tauri kamar fa. Kadan ƙasa ta zauna a haka shekara biyu a jere ko fiye, rani da damina, masana su kan kira ta daskararriyar ƙasa ta dindindin. Bisanta akwai ɗan ɓawo wanda ya kan narke da zafi, ya sāke daskarewa da sanyi, amma can ciki ba ta motsi.

Yawancinta a arewacin duniya ta ke, a Sibiriya ta ƙasar Rasha da Kanada da Alaska. A wani sashe na Sibiriya zurfinta ya kai wajen mita 1,500. Mita ɗaya kuwa ta ɗan fi yadi ɗaya kaɗan. Wannan ba abin mamaki ba ne, tun da ya ke can rana ba ta da ƙarfi. Abin da ya ke bukatar bayani shi ne samunta a ƙasashen da rana ta ke tsayuwa tsaka da kai kamar tamu.

Yadda sanyi ya ke ƙaruwa da hawa

Duk wanda ya taɓa zuwa Jos ya san garin ya fi Funtuwa sanyi, alhali kuwa ya fi ta kudu. Dalili shi ne tudu. Kowace mita 1,000 da mutum ya hau, zafi ya kan ragu da digiri 6 da ɗan ɗori a ma'aunin Santigiret, watau ma'aunin da ruwa ya ke daskarewa a kan sifiri, ya tafasa a kan 100. Ƙasarmu ta kudancin Katsina tana kamar mita 600 zuwa 700 bisa teku, kuma kadan an haɗa zafin shekara duka an raba, ya kan kama wajen digiri 26. Saboda haka a wannan sashe na duniya sai an hau mita 4,500 zuwa 5,000 kafin a tarar da inda ruwa ya ke kwana daskare galibin shekara. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, watau Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne, rabin abin da a ke bukata ke nan.

Amma a wasu ƙasashe akwai duwatsun da su ka kai. Kilimanjaro na Tanzaniya mita 5,895 ne, Dutsen Kenya 5,199, Ruwanzori da ke iyakar Yuganda da Kwango 5,109. A shekarar 1848 wani Bajamushe, Johannes Rebmann, ya ba da labari ya hango farar ƙanƙara bisa Kilimanjaro. Waɗansu masana a Ingila su ka ƙaryata shi, su ka ce ba ta yiwuwa kusa da tsakiyar duniya. Sai a 1889 Hans Meyer ya hau har ƙololuwa ya taka ta da ƙafarsa. A zamaninmu kuma masu bincike sun binne ma'aunan zafi a cikin ƙasa kusa da ƙololuwar, su ka tabbatar akwai daskararriyar ƙasa a can.

Har wa yau akwai misali daga tsibirin Hawai na Amurka, a dutsen Mauna Kea mai tsawon mita 4,207. A 1969 wani masani, Alfred Woodcock, ya sami ƙanƙara binne a cikin wani rami kusa da ƙololuwa, a gefen da inuwa ta ke daɗewa. Dutsen bai kai tsawon da mu ka faɗa ba, amma sanyin dare ya kan gangaro ya taru a ramin kamar yadda ruwa ya ke taruwa a kududdufi, duwatsun da su ka rufe ta kuma suna kāre ta daga rana. Wannan ya nuna tsawo kaɗai ba shi ke yanke hukunci ba. Inuwa da bushewar iska da irin ƙasar wurin duk suna da hannu.

Yadda a ke gane inda ta taɓa kasancewa

Ruwa kadan ya daskare ya kan kumbura, ya ƙara wajen kashi ɗaya cikin goma na girmansa. In ya shiga tsaguwar dutse ya daskare, sai ya buɗa ta kamar yadda mai faskare ya ke buɗa gungume da tsinke. In ƙasa ta yi ta daskarewa tana narkewa shekaru ɗaruruwa, sai ta riƙa turo manyan duwatsu waje ɗaya, ƙanana waje ɗaya, har su jeru layi layi kamar kunyoyin gona. Bayan ƙanƙarar ta tafi, layukan su kan zauna inda su ke, su zama shaida.

An sami irin wannan a duwatsun Bale na ƙasar Habasha, a kan wani tudu da a ke kira Sanetti, wajen mita 4,000 bisa teku. Rahoton da masana su ka buga a 2021 ya bayyana layukan duwatsu waɗanda waɗansunsu sun kai mita 1,000 a tsawo da mita 15 a faɗi. Yau ƙasar wurin ba ta daskarewa sai ɗan sama sama da dare. Da su ka yi lissafi sai su ka ga lalle wurin ya fi yanzu sanyi da kamar digiri 7 sa'ad da layukan su ka jeru. A waɗannan duwatsu kuma an sami alamun tarin ƙanƙara mai gangarowa cikin kwaruruka tsakanin shekara 42,000 da 28,000 da su ka wuce. A cikin Sahara ma, a duwatsun Tibasti na Cadi da Ahaggar na Aljeriya, an ga alamun aikin tsananin sanyi a ƙasa da inda ya ke kaiwa yanzu.

Zamanin Babban Sanyi

Da a ka gwama shaidun nan da na sauran duniya, sai a ka gane cewa wajen shekara 21,000 da su ka wuce duniya ta fi yanzu sanyi da digiri 5 zuwa 6. Ƙanƙara ta lulluɓe Kanada da arewacin Turai. Ruwan da ya daskare a kan tudu ya yi yawa har teku ta janye, ta yi ƙasa da wajen mita 120. A duwatsun ƙasashen zafi iyakar daskarewa ta sauko da mita 800 zuwa 1,000, Mauna Kea kansa ya ɗauki hular ƙanƙara.

Musabbabin wannan shi ne tafiyar duniya a kewayen rana ba kullum ta ke daidai ba. Hanyar da ta ke bi wani lokaci ta kan yi kusa da da'ira, wani lokaci ta ɗan miƙe, a cikin zagaye na kamar shekara 100,000. Karkatarta ta kan ƙaru ta ragu cikin shekara 41,000. Tana kuma yin layi kamar katantanwar yara sa'ad da ta kusa faɗuwa, cikin shekara 21,000 ko fiye kaɗan. Wani masani na ƙasar Sabiya, Milutin Milankovic, shi ya yi fice wajen lissafin wannan. Ban da haka akwai iskar kabon, wadda ta ke tsare zafi kamar bargo. A Zamanin Babban Sanyi ta kasance kashi 180 zuwa 190 cikin miliyan na iskar sama, bayan ya wuce ta koma wajen 280.

Abin da ya sami ƙasar Hausa

Ko a wancan zamani ƙanƙara ba ta sauko ƙasarmu ba, gama babu dutsen da ya kai. Rabonmu shi ne fari. Teku mai sanyi ba ta tā da tururi da yawa, saboda haka iskar damina mai tasowa daga kudu maso yamma ta yi rauni, iskar hunturu ta arewa maso gabas ta yi ƙarfi. Hamada ta matso kudu da wajen kilomita 400 ko fiye, Tafkin Cadi kuma ya ƙafe.

Shaidar wannan tana ƙarƙashin ƙafafunmu. A 1958 wani Bature mai suna A. T. Grove, da ya duba hotunan da a ka ɗauka daga jirgin sama, ya bayyana cewa jigayin da ke shimfiɗe daga arewacin Katsina da Kano zuwa Barno tsofaffin tuddan rairayi ne na hamada. Sun jeru daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, daidai da hanyar iskar hunturu. Yanzu ciyawa da itatuwa sun daddanne su, ana noma gero da gyaɗa a kansu, fadamu kuma suna kwance a tsakaninsu.

Sashenmu na kudu ya sami wani rabo dabam. Rairayi mai nauyi ya tsaya a arewa, amma ƙura mai laushi iska ta ɗauko ta ta zube ta a nan, ta rufe tsohuwar ƙasa da marmara. Masana biyu na ƙasar Holan, Sombroek da Zonneveld, waɗanda su ka binciki ƙasar kogin Rima da na Sakkwato, sun bayyana wannan shimfiɗa a rahotonsu na 1971, su ka kira ta da sunan Funtuwa. Ita ce ƙasar nan mai laushi, mai riƙe laima, wadda ta sa auduga da dawa da masara su ke yin kyau daga Funtuwa zuwa Zariya. Marmarar da ke ƙarƙashinta kuwa ta fi ta tsufa nesa, kuma ta samu ne a zamanu masu ruwa da yawa. Mai haƙa rijiya kadan ya ratsa ƙasa mai laushi ya tarar da marmara, ya ratsa ta ya tarar da ruɓaɓɓen dutse, to ya ratsa zamanu uku ke nan da dāginsa.

Zamanin Ruwa

Bayan fari sai ruwa. Daga kamar shekara 11,000 zuwa 5,000 da su ka wuce, layin da duniya ta ke yi ya sa rana ta fi ƙarfi a arewa da bazara, ta jawo iskar damina har cikin Sahara. A kan duwatsu ƙanƙara ta ja da baya zuwa ƙololuwa, a ƙasa kuma hamada ta zama daji mai ciyawa da tafkuna. Tafkin Cadi ya cika har faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, watau fiye da sulusin Nijeriya. Tsohon bakinsa shi ne dogon tudun yashin da ya bi ta Bama da Maiduguri. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa a jikin dutse inda yau ba su iya rayuwa. A Gobero cikin Tenere, wurin da a ka gano a shekarar 2000, an tono kaburbura tare da ƙasusuwan kifi da kada da dorina. A Dufuna ta Jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, awo ya nuna ya kai shekara 8,000.

Daga baya ruwa ya yi ta raguwa har Sahara ta zama yadda mu ka san ta. Ƙasan tsohon tafkin nan, a kwarin Bodele na Cadi, shi ne babban tushen farar ƙurar da ta ke zuwa mana da hunturu. Hazon da ya ke rufe kasuwar Ƙanƙara a watan Janairu, galibinsa tsohon laka ne na tafkin da ya ƙafe.

Halin da a ke ciki yanzu

Jujjuyawar da mu ka bayyana ta ɗauki dubban shekaru. Ta yanzu kuwa sauri gare ta, dalilinta kuma dabam ne. Ƙona kwal da man fetur da gas, da share dazuzzuka, sun ɗaga iskar kabon daga kashi 280 zuwa fiye da 420 cikin miliyan. Duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri ɗaya a kan yadda ta ke a ƙarshen ƙarni na 19. Duwatsu sun nuna haka a fili. A 1912 ƙanƙarar da ke bisa Kilimanjaro ta rufe murabba'in kilomita 11 da ɗori, a 2011 ba ta kai 2 ba, watau kashi 85 cikin 100 sun tafi. A Mauna Kea, rahoton 2017 ya nuna ƙanƙarar da Woodcock ya auna ta ragu ƙwarai, sai ɗan saura. Inda ƙanƙarar cikin ƙasa ta ke riƙe da duwatsu kamar yadda kwaɓi ya ke riƙe tubali, narkewarta ta kan sa gangare ya zube.

A wajenmu sauyin a ruwan sama ya ke bayyana. Dattawa sun ba da labarin yunwar 1914. Shekarun 1950 sun yi ruwa mai yawa, sa'an nan fari ya zo a 1972 zuwa 1974, ya komo a 1983 da 1984. Tafkin Cadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya rasa wajen kashi 90 cikin 100 na faɗinsa kafin ƙarshen shekarun 1980. Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan farfaɗo, amma da wata ɗabi'a sabuwa. Binciken da a ka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a ƙasashen bakin hamada tun 1982. Ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018, wadda ta hallaka mutum fiye da 40, irin wannan ce.

To, ga inda maganar ta shafe mu. Ƙasa mai laushin da iska ta kawo mana ba ta da kauri sosai, kuma ruwa mai ƙarfi ya kan kwashe ta da sauƙi in ya tarar da ita tsirara. Abin da ya ɗauki dubban shekaru yana taruwa, damina goma ta isa ta tafi da shi, ta bar marmara wadda garma ba ta kamawa. A arewa kuma tuddan rairayin nan barci su ke yi kurum, saiwoyi ne su ka ɗaure su. Kadan an tsiraita su iska za ta tashe su.

Wannan damuwa ta daɗe. A 1935 wani masanin daji, E. P. Stebbing, ya yi kashedi cewa hamada tana matsowa, har Ingila da Faransa su ka naɗa kwamiti ya zaga iyaka a 1936 da 1937. Kwamitin ya ga ba rairayin Sahara ba ne ya ke tahowa, ɓarnar da a ke yi wa ƙasa a wurin ita ce ta fi. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Itatuwa, Katsina kuwa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da ya shafa. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna hanya mai araha tun daga shekarun 1980. Maimakon su tumɓuke kututture lokacin sassabe, sai su bar tohon da ya fi ƙarfi su yi masa aski ya girma. Da wannan dabara itatuwa sun komo a gonaki masu faɗin kadada wajen miliyan 5 a Nijar.

Abin da a ke roƙon Hakimai da malamansu

1. A buɗe littafi a ofishin Hakimi, a riƙa rubuta ranar ruwan shuka, da ranar ruwan ƙarshe, da kowane tsaiko da ya wuce kwana 10, da ranar da ƙanƙara ta zuba da irin ɓarnar da ta yi.

2. A zaɓi rijiya biyu ko uku a kowace ƙasar Dagaci, a auna gaba nawa a ke sakin guga kafin ya taɓa ruwa, sau ɗaya a watan Oktoba, sau ɗaya a watan Afrilu. Lissafin shekara goma ya fi ƙarfin gardamar zaure.

3. A ja kunnen manoma su yi kunya a gicciye da gangare, su bar ciyawa a bakin rafi, su tare bakin kwazazzabo da duwatsu tun yana ƙarami.

4. A ƙarfafa barin gawo da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya a gona, a hana ƙunar daji da sāre itace a gindin duwatsu, domin daga nan ne ruwa ya ke fara gudu.

5. Kadan masu haƙa rijiya ko kududdufi su ka ci karo da ƙasusuwa ko katantanwa ko kasake ko gawayi a zurfi, kada a watsar. A rubuta wurin da zurfinsa, a sanar da Ƙaramar Hukuma domin ta kai labari ga ma'aikatan kayan tarihi. Da mai rijiyar Dufuna ya yi shiru, da ba a san kome ba game da wannan kwalekwale.

Ana fatan Hakimai za su sa a karanta wannan bayani a gaban Dagatai da Masu Unguwa kafin faɗuwar damina, kowane malami kuma ya ajiye kwafi ɗaya tare da littafin ruwan sama na gundumarsa.